Ranar da Aka Tambayi Baba Kati a Sito

Masu karatu, kun sha tambayata a ƙarƙashin rubutun nan me ya sa mace kamata, ga mai sonta a hannu, take ta jan ƙafa. Wata ma ta rubuto cewa yanga ce ke damuna. Ban ji haushi ba, Mama ta faɗi abin da ya fi haka. Amma ba za ku gane ni ba sai kun san Sito, don haka yau daga can zan fara.

Sito shi ne cibiyar wasanni da shaƙatawa ta unguwarmu. Yanzu akwai dogon suna a jikin allo a bakin ƙofa, amma mu 'yan da har gobe Sito muke cewa, don asalinsa wurin ajiye siminti ne. Babana malamin motsa jiki ne a makarantar sakandare, kowa Koci yake ce masa, har Mama idan ranta ya ɓaci. Shi ya lura yaran layinmu ba su da wurin zuwa in an tashi daga makaranta sai bakin titi, yau faɗa, gobe a fasa wa wani gilashin mota. Ya yi ta yi wa mai siton naci har mutumin ya gaji ya ce, "Koci, ɗauki aronsa, in dai za ka bar ni in sha iska."

Da tsohon ƙyauren ƙofa aka fara. Baba ya ɗora shi a kan durom biyu, ya shafe shi da koren fenti, ya ɗaura igiya a tsakiya, shi ke nan an samu teburin ƙwallo. Ni ce mai tsinto ƙwallon in ta gangara bayan buhuna. Ina 'yar mitsitsiya, kullum in koma gida fari fat da ƙurar siminti, Mama na wanke ni tana mita.

Daga nan abu ya yi ta tafiya kamar wasa. Mai walda na bakin layi ya lanƙwasa ƙarfe ya yi mana zoben ƙwallon kwando, matar tela ta saƙa raga. Tsofaffin da suka bar aiki suka fara kawo kujerunsu suna buga dara a gefe, wai sun zo tsawatar wa yara ne. Da damina rufin yakan yi yoyo, sai a jera bokitai a ci gaba da wasa ana kewaye su. Ba a taɓa karɓar ko sisi a hannun kowa ba. Baba yakan ce ranar da aka mai da yaro gida don ba shi da abin biya, ranar a rufe wurin kawai.

Sashen mata ni na buɗe shi, bayan na gama makaranta. Wata maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu likita ya ce lallai ta riƙa tafiya saboda hawan jini, ita kuma ba ta son idon mutane a titi. Na roƙi Baba ya ba mu safiya, mu rufe ƙofa. Mu biyu muka fara kewaya siton, ita da silifas ni da takalmin gudu. Kafin shekara ta zagayo mata sun cika wurin, wasu da goyo, ana tafiya ana gulmar farashin tumatir.

Da mai siton ya rasu, 'ya'yansa suka bar wa unguwa filin kyauta. Aka yi rajista, aka kafa kwamiti, aka rubuta cewa wurin na jama'a ne, ba na neman riba ba. Wata ƙungiyar taimako ta zo ta gani, ta ce za ta gina sabon zaure. Ana cikin aza harsashi Baba ya faɗi a banɗaki wata safiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Har makon nan bai taɓa ganin sabon ginin ba. Duk sanda na ce in kai shi sai ya girgiza kai ya juya fuska bango. Ina jin ba ya son yaran da suka san shi da usur a baki su gan shi a keke, yawu na zuba.

To a nan Likita ya shigo. Likitan gashin ƙashi ne, shi ke zuwa gida yana motsa wa Baba hannu da ƙafa. Dogo ne, ba shi da yawan magana, kullum rigarsa a goge, kuma in zai cire takalmi a ƙofar ɗakin Baba sai ya jera su kamar za a ɗauke su hoto. Ni ke riƙe masa tawul da ruwan ɗumi. Wata rana ya ga hoton tsohon siton a bango ya tambaya, na buɗe baki ban rufe ba sai da shayinsa ya huce. Mako na gaba sai ga shi a cibiya, wai zai riƙa duba gwiwoyin tsofaffi kyauta. Daga gwiwoyin tsofaffi aka koma raka ni bakin titi. Har yau a wayata "Likitan Baba" na ajiye sunansa, na kasa canjawa.

Watan jiya ya samu aiki a wani babban asibiti, a gari mai nisan da sai an wuni ana tafiya. Ya ce yana so ya turo manyansa kafin ya tafi, in ya so mu tafi tare.

Saƙonsa na ranar yana nan, na karanta shi har na haddace.

"Ba zan ce ki zaɓa tsakanina da Sito ba, na san wanda zai sha kaye. Ina dai roƙo ki yi tunani."

Na mayar masa: "Ina yi."

"Tun yaushe kike yi?"

"Ka yi haƙuri."

Ya turo hoton fuska mai murmushi, amma na san ba murmushi yake ba.

A gida kuwa ba a bar ni na huta ba. Ranar nan ina gugar farar rigar aiki a falo, Mama na zaune a kujerarta ta kusa da taga tana gyara wake, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Wai ke me kike jira ne?"

"Mama, ba jira nake ba. Wa zai riƙe sashen mata?"

"Kwamitin da kuke ta taro da shi fa, ado ne?"

"Ba su san matan nan kamar yadda na san su ba."

Ta ajiye tiren a cinya. "Kin ga, wurin nan ya cinye min ubanki tun yana da baƙin gashi. Abincinsa ya huce, ya huce. Ranar da na haifi Auta yana can yana raba faɗan yara. Ban yi magana ba, na ce aikin lada ne. Amma ba zan zauna ina kallo ya cinye min ke ba."

"Baba fa? Wa zai riƙa juya shi?"

"Ni matarsa na mutu ne?"

Na koma kan gugata. Ƙarfen guga ya kusa ƙona min wuyan riga.

Babban wana ma ya turo saƙon murya daga garin da yake aiki, irin dogayen nan da yake farawa da "Ba wai zan matsa miki ba ne" sannan ya matsa. Auta, ƙanwata, wadda yanzu take goyon ɗanta na fari, ta turo min hoton wata doguwar riga ruwan zuma ta rubuta, "Yaya, wannan za ta yi miki kyau ranar."

Abin da ban gaya wa kowa ba, ku zan gaya wa. A Sito na fi kowa sanin kowa, amma ba ni da kowa. Ƙawayena da muka taso muna buga ƙwallon raga duk sun watse, wannan aure ya kai ta wani gari, waccan karatu. Zauren hirarmu na waya sai a yi wata ba wanda ya ce uffan, sai in an yi haihuwa a turo addu'a a sake yin tsit. Matan safiya suna sona, "Anti sannu, Anti gwiwata," amma in an tashi kowace ta yafa mayafinta ta tafi gidanta, ni in tsaya naɗe tabarmin motsa jiki. Abincin rana a ɗakin ajiya nake ci, a kan wani benci, tsakanin ƙwallayen da suka sace da ragar da ta yage. Ta bango ina jin ihun yara da ƙarar takalma, wuri cike da mutane, ni kuma ina tauna burodi ina kallon waya ko wani zai tuna da ni.

Duk da haka in aka ce in bar wurin sai in ji kamar an ce in cire fatata. Ban san wace ce ni ba in ba 'yar Koci ba.

Shekaranjiya da safe ina ba Baba shayi da cokali, sai ya riƙe min hannu da hannunsa mai lafiya. Maganarsa yanzu a hankali take fita, kamar yana ɗauko kowace kalma daga ƙasan rijiya.

"Kai ni."

"Ina, Baba?"

"Sito."

Na dubi Mama da ke tsaye a bakin ƙofa. Ta kawar da kai, na gane sun yi magana a bayana.

Na sa masa shuɗiyar rigarsa mai aljihu, wadda yake sawa in za a ba da kofi, na taje masa gemu, na ɗora masa tawul a kafaɗa saboda yawu. Ni kuma na sa baƙar doguwar riga a kan kayan aikina, na ɗaura ɗankwali ruwan toka. Na tura kekensa muka bi layi. Mai walda ya hango mu ya kashe injinsa ya taso da gudu, ya durƙusa ya riƙe hannun Baba. Baba ya ɗaga masa gira, irin yadda yake yi wa yaro in ya zubar da ƙwallo.

Da muka iso Baba ya sa na tsaya a waje. Ya daɗe yana kallon ginin: gilasai, koren filin roba a gefe, ɗakin karatu a sama da yara suka jera kai a taga. Tsohon siton yana nan a baya, an yi masa fenti an mai da shi zauren tsofaffi.

Na tuna na bar jakar maganinsa a rataye a ƙofar gida, na kira Mama ta ce za ta aiko. Kafin in gama wayar Baba ya tura kansa da ƙafa ɗaya ya shige ciki. Na bi shi da sauri, na tarar ya tsaya gaban teburin karɓar baƙi. Wata sabuwar ma'aikaciya ce a wurin, satinta na farko ke nan, ko ni ba ta gama riƙe fuskata ba, balle da na rufe rigar aiki.

Ta miƙe da ladabi ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. Katinka fa?"

Baba ya dube ta.

"Katin shiga. In ba ka da shi ba komai, kyauta ne, yanzu zan yi maka. Ka taɓa zuwa nan?"

Wallahi sai na ji jini ya hau min kai. Mutumin da ya share ƙurar wurin nan da hannunsa, ya ɗauki bokitan yoyo, yau ake tambaya ko ya taɓa zuwa. Na buɗe baki zan ce mata ta san wa take yi wa magana kuwa, sai Baba ya damƙe min riga.

Kafaɗarsa na rawa. Na tsorata, na zaci wani abu ne ya same shi, na sunkuya na duba fuskarsa. Dariya yake. Rabin bakinsa na dariya, rabi na tsaye, hawaye na gangarowa ta ido ɗaya. Tun da ya faɗi ban ga haƙoransa ba sai ranar.

Ya ce wa yarinyar, "Yi min."

Ta ɗauke shi hoto, ta tambayi abin da yake so ya riƙa yi. Ya ce, "Dara." Ta ce ai akwai motar cibiya da ke ɗauko tsofaffi masu keke da safe ta mai da su da rana, ko a sa shi? Ya gyaɗa kai. Ni ina tsaye kamar an dasa ni. Motar nan ni na yi ta faɗa a kwamiti har aka samo ta, ban taɓa kawowa a raina ubana zai shige ta ba.

Ta rataya masa katin a wuya ta ce, "Ga 'yarka nan sai ta kai ka zauren baya. Akwai tsohon tebur a can da aka ce da shi aka fara wurin nan, ka ce a nuna maka."

"To," in ji Baba.

A hanyar zauren na kasa daurewa. Na ce, "Baba, me ya sa ka hana ni gaya mata?"

Ya sa na tsayar da keken a barandar da ke kallon fili. Wasu 'yan mata na ƙwallon raga, wata matashiya da na koya wa aiki tana hura musu usur. Ba wadda ta waiwayo.

"Ba su san ni ba," ya ce.

"Shi ne abin da ya ɓata min rai."

Ya girgiza kai. Ya ɗauki lokaci yana haɗa maganar, na goge masa baki.

"Yaro... in ya girma... ba ya neman hannu." Ya nuna filin da haɓa. "Ya girma."

Na ce, "Baba."

"Ke ma." Ya numfasa. "Na riƙe ki... da yawa. Ki je."

Na durƙusa a gaban keken na kifa kaina a gwiwarsa. Ban yi kuka mai sauti ba, akwai mutane. Ya ɗora hannunsa a kan ɗankwalina ya bar shi a nan.

A zauren baya tsofaffin suka yi masa caa. Wani ya ce, "Koci, ashe kana nan da ranka, mun zaci tsoron dara ya ɓoye ka." Wani ya jawo masa tebur, aka hau gardamar wa zai fara karawa da shi. Minti kaɗan ya manta da ni. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa yana tura ɗan dara da hannun hagu, na ga ba abin da zan yi masa. Na leƙa sashen mata, na tarar an naɗe tabarmi an jera tsaf, ba ni na naɗe ba.

Sai na wuce ɗakin ajiya na rufe ƙofa, na zauna a bencina. Ku yarda da ni, a nan ne karo na farko na bar kaina na hango tafiyar. Na ga wani gari da ba wanda zai ce min 'yar Koci. Na ga ƙaramin gida, labule ruwan zuma, Likita na jera takalmansa a bakin ƙofa. Na ga kaina ina fita da safe ba wanda ke jiran in buɗe masa wuri, ina shiga kasuwar da ba a san ni ba, ina koyon sunayen sababbin maƙwabta. Na zaci tsoro zan ji. Sai na ji ƙirjina ya yi sakayau, kamar wadda ta sauke tulu bayan doguwar tafiya. Ashe na daɗe ina son tafiya, kunyar faɗa nake ji.

Na danna "Likitan Baba". Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Lafiya? Jikin Baba ne?"

"Lafiya lau. Yana nan Sito yana dara."

"A Sito?" Na ji ya ja kujera ya zauna. "Ikon Allah."

"Likita."

"Na'am."

"Ka turo manyanka. Na gama tunanin. Zan bi ka."

Can ya yi wata 'yar dariya mai taushi.

"Kin riga ni. Da yamma nake so in zo in gaya miki da bakina. Ba sai kin bi ni ko'ina ba."

"Ban gane ba."

"Jiya na kira asibitin na ce su ba wani aikin. Na zauna na duba, na ga in na cire ki daga wurin nan kamar na tuge bishiya ne. Ba zan iya kallonki kina bushewa a garin mutane ba. Zan zauna. Ki ci gaba da Sitonki, ni in ci gaba da gwiwoyin tsofaffina, har mu tsufa a nan mu ma a yi mana kati."

Na dubi bangon ɗakin, da ƙwallayen da suka sace, da rabin burodin jiya a cikin leda. Ta bayan bango usur ya yi ƙara, yara suka sa ihu. Mutumin nan ya ajiye aikin da ya yi shekaru yana nema, saboda ni, saboda abin da ni da bakina na sa ya yarda da shi.

"Kina jina?" ya ce.

"Ina ji."

"Na zaci za ki yi murna."

Yaya ake gaya wa wanda ya rufe ƙofa don ya zauna da ke cewa ke fita kike so?

"Ki ce wani abu mana," ya ce a hankali.

Na ce, "Ka zo da yamman. Kada ka shigo gida, ka same ni a bakin titi."

Ya ce to. Muryarsa ta riga ta canja.